Wurin hoton MRI da muka kai Inna a Sakkwato

Jama'a bari in faɗa muku yadda muka yi da wanga wurin hoton ƙwaƙwalwa, ba zan kira suna ba. Innarmu shekararta 74, ta fara mantuwa, ta aje carbi ta yi ta nema, har ranar da ta fita Tsohuwar Kasuwa ta kasa gane hanyar gida. Mu dai cewa muke tsufa ne.

Likita ya ce sai MRI, hoton da injin maganaɗisu ke ɗauka, don CT, ɗayan hoton da ake yi da X-ray, ba ya nuna ƙananan ɗigon jini sosai. Kuɗin da zafi wallahi, ga jira tun hantsi har bayan la'asar saboda wuta, tsohuwa kan benci cikin zafin Sakkwato ba fanka, abin ya ɓata min rai ƙwarai. Amma ma'aikaciyar da ta shigar da ita injin Allah ya saka mata, ta yi ta lallashi "Inna yi haƙuri da ƙarar, kar ki motsa".

Hoton ya nuna alamun wani furotin, amiloyid, ya taru a bangon ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa yana raunana su har jini na tsattsafowa, wanga furotin shi ne dai wanda ake gani a ciwon mantuwa da ake kira Alzaima. Likita ya ce babu maganin wanke shi, sai a riƙe hawan jini, kuma ya hana asfirin ɗin da muke sayo mata a kemis ba da saninsa ba, don yana iya ƙara tsattsafowar jinin. Wanga ya fi tsorata ni, da hannunmu muke ba ta.

Ku je da sassafe, ku riƙo ruwa da tsoffin takardun asibiti.