Sikanar da Za Ka Juya Daga Nesa: Abin Dubawa Kafin Ka Biya

Mai neman rediyon sikana don ya riƙe a hannu yana murɗawa, da mai nemansa don ya ajiye a saman bene ko a wani gari yana ba shi umarni ta kwamfuta, ba kaya ɗaya suke nema ba, ko da shago ɗaya suka shiga. Na farko yana duba kyan fuska da daɗewar batir. Na biyu kuwa, abin da ya kamata ya dame shi shi ne halin rediyon in babu kowa a kusa da shi. Da na biyun nake magana.

Sikana saurare kawai yake yi, ba ya aika magana. Yana zagaya mitocin da ka zuba masa da sauri, ya tsaya inda ya ji ana magana, in an yi shiru ya wuce gaba. Jiragen sama suna tsakanin megahaz 118 da 137, tashar 16 ta jiragen ruwa tana kan 156.8, masu rediyon sha'awa suna tsakanin 144 da 146, tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa kuma takan sauko da murya a kan 145.800. Irin waɗannan mitoci a miƙe suke tafiya, gini da tudu suna tare su, kuma doguwar wayar eriya tana cinye siginar kafin ta iso. Shi ya sa ake kai rediyon can sama kusa da eriya, mai shi ya zauna inda ya ga dama.

Abin da dillali ba zai gaya maka ba shi ne, umarni da murya ba hanya ɗaya suke bi ba. A yawancin sikanoni, kebul ɗin USB rubutu kawai yake ɗauka: je mita kaza, tsaya, ƙara murya, gaya mini abin da ke fuskarka. Sautin kansa sai ka fito da shi ta ramin iyafis, ka shigar da shi ɗan katin sauti, sannan wata manhaja irin DarkIce da Icecast ta tura maka ta intanet. In an ce maka rediyo "yana haɗuwa da kwamfuta", tambayi wane irin haɗi. Wani iyakarsa a zuba masa tashoshi ne, bayan nan ba ya jin kira.

Kamfanin Uniden ya fi kowa sauƙin harshe. Umarninsa haruffa uku ne da za ka iya bugawa da hannu a kowace manhajar tasha, ka danna Enter. Ka rubuta MDL, ya gaya maka sunansa. VER, ya faɗi sigar manhajar cikinsa. KEY yana danna maɓalli a madadinka, STS yana karanto abin da ke fuskar rediyon, GLG kuma yana faɗin mitar da aka tsaya a kai da sunan tashar. In ya gane ya ce OK, in lokacin bai dace ba ya ce NG, in ka yi kuskuren rubutu ya ce ERR. Wanda ya san ɗan Python, harshen rubuta manhaja, zai iya haɗa abin da zai riƙa rubuta kowace magana da lokacinta cikin yini guda.

Amma ba duk Uniden ba ne ɗaya. Ƙaramin BC125AT, mai tashoshi 500 a rukuni goma, yana cikin masu arha, dala ɗari da 'yan kai. Takardar umarnin da kamfanin ya fitar masa ta fi ƙarfi a kan zuba tashoshi: ka shiga da PRG, ka rubuta tasha da CIN, ka fita da EPG. Megahaz 145.500 a nan 01455000 ake rubuta shi, don da ɗari-ɗarin haz yake ƙirga. Ka lura, muddin yana cikin PRG ba ya sauraren komai, kuma in intanet ta yanke kafin ka aika EPG, haka zai zauna kurma har sai ka dawo. Umarnin danna maɓalli da na karanta fuska masu sha'awa ne suka aro daga takardun manyan samfura, suka ga suna aiki a kansa, manhajar Scan125 kuma ta tattara su wuri guda. Yana da ɗan'uwa na kasuwar Turai, UBC125XLT, wanda zangonsa ya fi dacewa da tsarin mitocin Afirka, domin Afirka da Turai yanki ɗaya suke a rabon hukumar sadarwa ta duniya. In kana da zaɓi, ɗauki na Turai.

BCT15X na tebur shi nake ganin an ƙera don irin wannan aiki. Takardarsa cikakkiya ce, har da QSH mai kai ka kowace mita kai tsaye, da PWR mai faɗin ƙarfin sigina. Tsohon ramin siriyal yake da shi, don haka sai ka haɗa da kebul mai juya shi zuwa USB. A nan kada ka yi rowa. Kebul na jabu yakan yi aiki yau, gobe Windows ta sabunta direba ya mutu, kai kuma kana gari mai nisa. Manhajar FreeSCAN kyauta ce kuma ta san shi, ProScan ta kuɗi ce amma tana ba ka hoton rediyon a burauza tare da sauti. Rauninsa ɗaya: muryar dijital ba ya fassara ta, sai dai ka ji ƙara kamar injin niƙa.

Sai manyan, SDS100 na hannu da ya fito a 2018 da SDS200 na tebur da ya biyo baya a 2019. SDS200 yana da ramin kebul ɗin intanet a jikinsa, yana karɓar umarni ta UDP a ƙofa 50536, yana kuma fitar da sauti ta hanyar sadarwar, ba sai da katin sauti ba. Umarnin GSI yana mayar da cikakken bayanin halin da yake ciki a tsarin XML. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Sai dai wani kaso na kusan dala ɗari bakwai da za ka biya, na abin da ba zai amfane ka ba ne. An gina shi a kan rumbun bayanan RadioReference, inda mutum zai buga lambar unguwarsa rediyo ya zuba tashoshin yankin da kansa. Rumbun na Amurka da Kanada ne. Mai zaune a Kano ko Maraɗi ko Kumasi da hannu zai zuba kowace mita ta manhajar Sentinel, wadda ita ma zuba tashoshi kawai take yi, ba ta juya rediyo kai tsaye. Haka kuma gwanintarsa ta fi yawa a tsarin muryar dijital na P25 da hukumomin Amurka ke amfani da shi. DMR, wani tsarin dijital ɗin wanda ya fi yawa a hannun kamfanoni a sauran duniya, sai ka sake biyan kuɗin lambar buɗewa a samfuran Amurka. TETRA kuwa, shi ma tsarin dijital ne, ba ya jin sa sam.

Kamfanin Icom wani harshe yake yi daban, sunansa CI-V. Ba rubutu ba ne, jerin lambobin heksa ne. Kowane saƙo yana farawa da FE FE, sai adireshin rediyo, sai na kwamfuta wanda yawanci E0 ne, sai lambar umarni, ya ƙare da FD. Don kai IC-R8600 zuwa 145.500 za ka aika FE FE 96 E0 05 00 00 50 45 01 FD. Duba da kyau za ka ga an rubuta mitar ne daga baya zuwa gaba, bibbiyu. In ya karɓa ya amsa da FB, in ya ƙi da FA. Da farko abin yana ba da tsoro, amma fa'idarsa babba ce: harshen tsoho ne, ya ratsa rediyoyin kamfanin masu yawa, abin da ka rubuta wa ɗaya zai yi wa wani da ɗan gyara, kuma da yake kowane rediyo yana da adireshinsa, ana iya jera da yawa a kan waya ɗaya. IC-R8600, wanda ya fito a 2017, yana ji daga kilohaz 10 har gigahaz 3, wato har gajeren zango inda gidajen rediyon ƙasashen waje suke, yana da ramin intanet, manhajar wfview ta kyauta kuma tana juya shi daga nesa da sauti da hoton zango. Ya haura dala dubu biyu. Kuma gaskiya shi mai karɓa ne na bincike, ba sikanar bin tsarin rukuni-rukuni na hukumomi ba. Wanda aikinsa farautar sigina ne, ko gano abin da ke damun wata tasha, shi ya dace da shi.

Rediyoyin kamfanin AOR suna tsakiya. Umarninsu haruffa biyu ne, RF don mita, MD don salon karɓa, manhajar Hamlib kuma ta san tsofaffinsu irin AR8200 da AR8600. AR-DV1 ya fi sauran yawan salon dijital, har da DMR da NXDN da TETRA marar kulle, amma ya haura dala dubu. Na kamfanin Whistler ba zan ba da shawararsu ga wannan aiki ba, tunda abin da suke ba ka daga nesa bai wuce danna maɓalli da karanta fuska ba.

Hamlib ɗin nan ta cancanci a tsaya a kanta. Manhaja ce ta kyauta mai fassara harsunan rediyo daban-daban zuwa guda. Ka kunna rigctld a kwamfutar da ke kusa da rediyon, ta buɗe ƙofa 4532, kai kuma daga ko'ina ka aika F 145500000, ita ta san yadda za ta gaya wa Icom ko AOR. Kafin ka sayi kowane rediyo, buga rigctl -l ka ga ko sunansa yana cikin jerin. Wajen Icom da AOR tana da ƙarfi. Wajen Uniden tsofaffin samfura ta fi sani.

Akwai kuma hanyar da ba ta da rediyo ko kaɗan, wato RTL-SDR, ɗan abu kamar filas mai dala talatin zuwa arba'in. Asalinsa na kallon talabijin ne, wajen 2012 aka gano cewa guntunsa RTL2832U yana iya miƙa ɗanyar sigina ga kwamfuta. Yana ji daga wajen megahaz 24 zuwa sama da 1700, kuma yana ganin faɗin kusan megahaz 2.4 a lokaci guda, ma'ana zai saurari tashoshi da yawa tare, abin da sikana ba ya iyawa. Juya shi daga nesa ba ƙari ba ne, halittarsa ce. Tarkon yana wajen data. Manhajar rtl_tcp ɗanyar siginar take turowa gaba ɗaya, kusan megabayit 4.8 kowace daƙiƙa, wanda ya haura gigabayit 17 a awa ɗaya. Sautin da aka matse zuwa kilobit 16 kuwa, bai wuce megabayit bakwai da ɗoriya a awa ba. Saboda haka a bar fassara ta gudana can a kan ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi da ke kusa da eriya, da OpenWebRX ko rtl_airband, murya kaɗai ta taho. Sannan kunnensa ba ya jure hayaniya. In kana cikin birni mai gidajen FM da yawa za su cika masa kunne, sai ka sa masa matatar da ke toshe megahaz 88 zuwa 108. Yana kuma zafi sosai, a watan Afrilu ƙarƙashin kwano ba wurin ajiye shi ba ne. Jabunsa ma sun cika kasuwa.

Yanzu ga inda ake raba gardama a ƙasashenmu: an ɗauke wuta, an dawo da ita, wa zai kunna? Sikanonin tebur irin BCT15X da SDS200 maƙunninsu a jikin abin murɗa murya yake, in ka bar shi a kunne, wuta na dawowa zai tashi da kansa. Na hannu maɓalli ake dannawa, batir na ƙarewa ya kwanta sai wani ya hau bene. SDS100 ma in aka soka masa USB sai ya tambaya ko a matsayin ma'aji za a ɗauke shi ko siriyal. Masu katin SD kuma, yankewar wuta lokacin da suke rubutu tana iya lalata katin. Da yake na tebur da volt 12 suke aiki, mafi kyau a ɗora su kai tsaye a kan batirin sola ta hanyar fiyus, ba ta inbata ba, don inbata mai arha da cajar waya ta jabu suna zubo ƙara a cikin zangon da kake son ji.

Hanyar shiga ma tana da tata matsalar. Layukan wayar salula galibi ba sa ba ka adireshin intanet naka kai kaɗai, don haka buɗe ƙofa a MiFi ba zai kai ka ko'ina ba. Manhajojin Tailscale ko ZeroTier ko WireGuard, masu haɗa na'urorinka ta keɓantacciyar hanya, suna warware wannan. Ko da kana da adireshin, kada ka buɗe 50536 ko 4532 ga duniya, domin ba su da kalmar sirri. Duk wanda ya gano su zai murɗa maka rediyo, wani ma ya goge maka tashoshi.

In ni ne, da kuɗi kaɗan zan fara da RTL-SDR na asali da Raspberry Pi, in san abin da ke yawo a iskar garina tukuna. In na ga jiragen sama da murya marar dijital ne, sai BCT15X, ko da wanda aka yi amfani da shi ne. In DMR ya yi yawa, in gwada fassara shi da manhaja kafin in kai ga AR-DV1 ko SDS200. Kuɗin da ya rage ya tafi wajen eriya mai kyau irin diskon, gajeriyar waya mai kauri, da sandar ƙasa saboda tsawar damina.

Babu ɗayansu da zai ji kiran wayar salula ko maganar da aka kulle, duk mai sayarwar da ya ce maka haka ƙarya yake. Batun doka kuma ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila laifi ne sauraren abin da ba don kai aka aika ba, ko da mallakar rediyon halal ne. Kafin ka yi oda, nemi bayani a rubuce daga hukumar sadarwa ta ƙasarka, NCC a Najeriya, ARCEP a Nijar, NCA a Gana, musamman da yake jami'an kwastan da na tsaro suna sa ido kan irin waɗannan kaya. Daga dillali kuma ka nemi cikakken sunan samfurin da na kasuwar da aka ƙera shi dominta, ka sauke takardar umarninsa ka karanta tun kayan ba su baro can ba. Ranar da ya iso, ka aika masa MDL ko makamancinsa ka ga ya amsa, sannan ka zare wutarsa ka mayar, ka ga ko zai tashi ba tare da an taɓa shi ba.