Keken tsere mai launin Zoetemelk a titunan Damagaram

Wata uku ke nan da na sayi wani keken tsere na hannu, ƙirar Raleigh, a wani shago da ke kusa da Kasuwar Dole, kuma fentinsa na ja da baƙi da rawaya ne ya fara jan hankalina. Wannan shi ne launin ƙungiyar 'yan tseren keke ta TI-Raleigh ta ƙasar Holand, wadda Joop Zoetemelk ya ci mata Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, a 1980, yana da shekara 33, bayan ya zo na biyu har sau biyar.

Mai shagon ya ce mini, "Malam, irin wanda zakaran ya hau ne." Ban yi masa musu ba, amma da na ɗaga keken na ji nauyinsa, na gane cewa a fenti kawai suka yi tarayya.

Duk da haka ban yi da-na-sani ba, domin halin keken ya yi kama da na mutumin. An san Zoetemelk da juriya fiye da ban mamaki: sau 16 ya shiga Tour de France, sau 16 ya kai ƙarshe, kuma ko faɗuwar da ta fasa masa ƙoƙon kai a 1974 ba ta hana shi dawowa ya zama zakaran duniya a 1985, yana da shekara 38, ba. Haka wannan keken yake. Kowace Lahadi nakan je Mirya in dawo, iskar hunturu tana dukan fuskata, amma sarƙar ba ta taɓa zamewa ba, giyar kuma tana shiga ba gardama.

Matsalar tana ga tayoyin. Sirara ne ƙwarai, an yi su ne domin kwalta mai santsi, saboda haka da zarar na shiga lungunan Birni sai su nutse cikin rairayi, in sauka in tura yara suna dariya. Ƙaya ɗaya ta ishe su, har mai facin unguwarmu ya daina tambayata abin da ya kawo ni. Mai shagon kuma bai gaya mini cewa robar birkin baya ta cinye ba, sai da na canza ta da kuɗina.

Wanda hanyarsa kwalta ce zai ji daɗinsa. Mai ɗauko buhun hatsi daga kasuwa kuwa, ya nemi keke mai kariya da faffaɗar taya.