Tattakin kwanaki a ƙasar waje: wace hanya za ka biya wa kuɗinka?

Masu tallan yawon buɗe ido da hoto suke kama mutum: tsauni mai farin rawani na ƙanƙara, tafki shuɗi, matafiyi yana murmushi. Abin da hoton bai nuna ba shi ne biza, abin da za ka ci da daddare, da yadda jikinka zai yi idan iska ta yi ƙaranci. Da waɗannan uku ya kamata a auna kowace hanya.

Maganar tsawo ita ce kan gaba. Chappal Waddi da ke Taraba, wuri mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Ciwon hawan tsauni kuwa yakan soma ne daga wajen mita 2,500, da ciwon kai, tashin zuciya da rashin barci, kuma ba ruwansa da ƙarfin mutum. Kilimanjaro na Tanzaniya mita 5,895 ne. Ba a hawansa sai da ɗan jagora mai lasisi, 'yan dako ne ke ɗaukar tanti da tukwane, kuma ladan da za ka ba su a ƙarshe yana cikin lissafi ko da kamfani bai faɗa ba. Hanyar Marangu tana da ɗakunan kwana, ana yin ta cikin kwana 5 ko 6, shi ya sa ta fi araha. Amma gaggawar ce ke mayar da mutane baya kafin ƙololuwa. In har Kilimanjaro ka nufa, ka ƙara kuɗi ka ɗauki Lemosho ta kwana 7 ko 8, jiki ya saba a hankali. A daren ƙarshe wajen sha biyu ake tashi, fitila ɗaure a goshi, cikin sanyin da ke daskarar da ruwan gora.

Sansanin gindin Everest a Nepal, mita 5,364, yana cin kusan mako biyu, zuwa da dawowa, daga garin Lukla, ana kwana a ƙananan masaukan ƙauye ana cin shinkafa da miyar wake. Sai dai masu fasfon Najeriya, Ghana da Kamaru ba a ba su biza a filin jirgin Kathmandu, sai sun nema tun kafin su tashi. Ba na ba ɗan koyo shawarar farawa da ita.

Zagayen tsaunin Mont Blanc da ke Turai ba ya kai mutum irin wancan tsawo. Kilomita kusan 170 ne, ta Faransa, Italiya da Suwizalan, cikin kwana 10 zuwa 11, daga tsakiyar Yuni zuwa Satumba. Wajen kyau ba a magana, alamomin hanya ma a fili suke, ba sai da ɗan jagora ba. Wahalarta hawa da sauka, jimillar hawan ta kai wajen mita 10,000, gwiwa kuma ita ke biya. Ga bizar Schengen ta shiga ƙasashen Turai, ga gadajen masaukan kan dutse da ake kamawa watanni kafin lokaci. Abincin dare tukunya ɗaya ce ga kowa, naman alade kuma ba baƙo ba ne a wannan yanki, don haka tun wajen kama gado ka rubuta musu cewa ba ka cin nama.

Ni dai inda na fi karkata shi ne Jodan da Turkiyya. Hanyar Jodan ta miƙe daga Umm Qais a arewa har Aqaba a bakin Bahar Maliya, sama da kilomita 600, amma yankin da ya fi suna shi ne daga ƙauyen Dana zuwa tsohon birnin Petra, kwana 4 zuwa 5. Za ka gangara kwarin Dana zuwa Feynan, inda aka haƙi jan ƙarfe tun zamanin da, sannan ka hau jajayen duwatsu ka shigo Petra ta baya, ta wurin katafaren ginin nan da aka sassaƙa a jikin dutse, Ad-Deir, ba ta ƙofar da motocin 'yan yawo ke sauke mutane ba. Larabawan ƙauye ne ke jagora. Su dafa shayi a kan tsakuwa uku, su binne gurasa cikin toka mai zafi, su kakkaɓe ta da sanda a ci. Ba ka da fargabar abinci, in ka ce a tsaya a yi salla ba wanda zai kalle ka. Matsalar ruwa ce: ka tabbatar kamfanin da ka biya zai riƙa kai ruwa kowane zango. Maris da Afrilu ko Oktoba da Nuwamba ne lokacinta, domin ruwan hunturu kan kawo ambaliya a kwazazzabai ba zato.

Hanyar Lycia ta Turkiyya, wadda aka buɗe a 1999, tana bin gaɓar teku daga wajen Fethiye zuwa kusa da Antalya, sama da kilomita 500, da alamar fenti ja da fari a kan duwatsu. Alfanunta shi ne kana iya yanka mako guda ka bar saura. Akwai kufan Patara, akwai wutar Yanartash da ke fitowa daga cikin dutse kusa da Chirali, ana kwana a gidajen ƙauye da kuɗi kaɗan. Duwatsun suna da kaifi, kuma zafin Yuli da Agusta bai bar wa tafiya daɗi ba.

Wanda ya fi son ya gwada jikinsa da tsawo kafin ya zuba kuɗin Kilimanjaro, ga Toubkal a Maroko, mita 4,167, kwana 2 ko 3 daga ƙauyen Imlil, da ɗan jagora dole.

Kowacce ka zaɓa, ka duba ko inshorarka ta haɗa da ceto daga kan tsauni har tsawon da za ka kai, don wasu sukan tsaya a wani iyaka. Takalmi kuma a saye shi da wuri a yi ta yawo da shi a gida, sabon takalmi tun ranar farko yake tayar da bororo a diddige.