Keken da zai kai ka ƙauye ka kwana, ya dawo da kai

Tun da kuɗin fetur ya tashi a 2023 samari suka koma wa keke, wasu har sun fara ɗaure tabarma a kariya su nufi wajen Daura su kwana a hanya. Daga Katsina zuwa Daura kusan kilomita 80 ne, kuma in kwalta za ka bi ko wane keke ne zai kai ka. Matsalar tana farawa ne in ka saki titi a wajen Mashi ko Dutsi ka shiga burtali, ko ka ce sai ka ga tuddan Durɓi Takusheyi a ƙasar Mani, ko madatsar ruwa ta Daberam. Can akwai tudu da gangare da tsakuwa, ga yashin rafi, ga tsidau. Yammacin jihar kuwa, su Batsari da Safana da Jibiya, ban ba kowa shawarar zuwa ba saboda matsalar 'yan bindiga.

Keken dattawa, irin Phoenix na Sin ko Hero na Indiya ko tsohon Raleigh, yana ɗaukar buhu ba ya ƙorafi, amma giyarsa ɗaya ce, ko wane tudu sai ka sauka ka tura. Keken tsere mai siririyar taya ka bar shi a gari. Sababbin nan masu ƙyalli da sifirin gaba da baya kuma na yara ne, ba ma wurin ɗaura kariya.

Ni nawa zaɓin shi ne tsohon keken hawan dutse na hannu, wanda ake kira Beljiyam, mai gangar ƙarfe, ba sifirin, taya inci 26. A gefen tayar za ka ga an rubuta 26 x 1.95 ko kusa da haka, faɗin da zai hana ka nutsewa a yashi in ka ɗan rage iska. Giya 21 ta isa, faranti 3 a gaba, 7 a baya. Ƙaramin farantin gaban nan shi ne dukiyar keken: da shi za ka hau tudu a zaune, jarkar ruwa mai lita 5 da bargo suna bayanka, ƙafarka na juyawa a hankali ba tare da gwiwa ta yi ƙara ba. Birkinsa na roba ne mai kama wili, waya ce ke jan shi, duk mai gyaran keke a gindin bishiyar kasuwar ƙauye ya san shi. Birkin faifai mai aiki da mai kuwa, in ya zubar, sai ka dawo birni. Ka duba kan tib ya zama irin na mota, domin mai facin babur ya iya ba ka iska. Ka kuma duba ƙananan ramukan noti kusa da tayar baya, nan ake ɗaure kariya ta zauna daram.

Dalilin da na nace wa ƙarfe shi ne, in ya tsage mai walda zai kama maka shi a ko wane gari. Alminiyam sai mai injin na musamman. Ka tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu a aljihu: in ya manne wa gangar, ƙarfe ce.

Wurin saye ne ake cin mutane. Wani mai shago ya taɓa sayar mini da keke fes, fenti sabo, yana ta rantsuwa daga kwantena aka sauke shi. Ashe gangar ta tsage a ƙarƙashin wuya, an cike da abin cikon bodin mota an fesa baƙi a kai. A gangare ta buɗe, da kaya a baya. Da na mayar masa ya ce, "Alhaji, ai kaya ya bar shago." Saboda haka keken da ya sha sabon fenti abin tsoro ne, gara mai tsohon fenti da ƙarce. Ka kifa shi, ka bi duk mahaɗa da yatsa, musamman wuya da gindin feda da inda sandar sirdi ke shiga. Ka sa farce, in wurin ya yi laushi ka ajiye.

Sai maganar Shimano. Kamfanin Japan ne, kayansa na da aminci, shi ya sa jabunsa ya yi yawa. Sitika ba shaida ba ce, ana sayar da ita. Na gaskiya akwai lambar samfuri a jikin abin sauya giyar baya, tana farawa da RD, ka leƙa ta bayansa. Ka karanta sunan harafi-harafi, don akwai masu sauya harafi ɗaya. Ka hau keken ka bi giyoyin duka, ka taka da ƙarfi a tsaye. In sarƙa ta yi tsalle haƙora sun cinye, kuɗin canjinsu kuma a cikin ciniki za ka cire shi. Ka girgiza wili hagu da dama ka ji ko boris ya saki. In an goge lambar da ke ƙarƙashin gindin feda, ko an kasa ba ka rasit, wataƙila na sata ne.

Kayan kwana ba sa buƙatar dogon bincike. Tantin kasuwa mai arha zafi gare shi, zif ɗinsa kuma ba ya daɗewa. Gidan sauro da tabarma da ɗan tamfol sun fi shi, sai bargo mai kauri in lokacin hunturu ne, Disamba zuwa Janairu. Ka riƙe tib biyu, sholisho, famfo da fitila. Kada ka shimfiɗa a daji kai kaɗai. Ka isa gari kafin magariba, ka gaida mai unguwa ka faɗa masa daga ina kake, shi zai nuna maka inda za ka kwana da inda za ka jingina keken.