Wace Hanya Ta Fi Dacewa Wajen Samar da Shafin Jagorar Manhajar Tura Bayanai?

Duk wanda ya taɓa sayen shadda a Kantin Kwari ya san ba a miƙa kuɗi sai an warware ƙyallen an ɗaga shi ga haske, domin abin da ke cikin leda yana iya shan bamban da abin da aka rubuta a bayanta. Da irin wannan idon ya kamata a duba kayan aikin da ke samar da shafin jagora na manhajojin layin umarni, wato shafin da ke buɗewa idan mutum ya rubuta man ya biyo shi da sunan manhaja. Dukkan kayan da zan ambata kyauta ne, ba a biyan ko sisi, amma kowannensu yana da farashin da ake biya da data, da lokaci, da kuma ciwon kai ranar da shafin ya faɗi abin da manhajar ba ta yi.

Na san wannan ciwon kan a jikina. Muna da wata 'yar manhaja da muka rubuta domin tura bayanan cinikin yini daga rassan wani kanti zuwa sabar da ke babban ofishinsu, kuma shafin jagorarta da hannu nake rubuta shi. Wata rana muka sauya sunan zaɓin sake gwada turawa daga --sake zuwa --maimaita, na gyara kod, na mance da shafin. Bayan la'asar, ana shirin rufe kasuwa, sai ga kiran yaron shago: "Malam, don Allah ka duba mana, na rubuta yadda takardarku ta ce, amma kwamfutar tana cewa ba ta san wannan umarnin ba, ga shi Alhaji yana jiran lissafi." Yaron bai yi kuskure ba, ya bi abin da muka rubuta ne harafi da harafi. Tun daga ranar na daina tambayar wane kayan aiki ne ke fitar da shafi mai kyan gani, na koma tambayar wanne ne zai tona asirina idan shafin da manhajar suka raba hanya.

Kafin a shiga kwatance, yana da kyau a san abin da ake ƙerawa. Shafukan jagora sun samo asali ne daga littafin Unix na farko wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fitar a 1971, kuma har yau ana rubuta su da harshen roff, wanda manhajojin tsara rubutu irin groff ko mandoc ke karantawa su tsara shi a allo. Harshe ne mai tarkuna. Layin da ya fara da ɗigo ana ɗaukarsa a matsayin umarni ne ga mai tsarawa, saboda haka idan jimla ta karye ta yadda sunan fayil irin .netrc ya faɗo a farkon layi, layin gaba ɗaya yana ɓacewa daga shafin ba tare da an yi maka sallama ba, sai fa in an sa alamar \& a gabansa. Manhajar tura bayanai kuwa cike take da irin waɗannan sunaye, da adireshin intanet, da alamomin da roff ke yi wa wata fassara daban. Wannan ne ya sa mutane ke gudun rubuta shi da hannu.

Mafi sauƙin shiga shi ne help2man na GNU, ɗan shiri ne da aka rubuta da Perl wanda ke kunna manhajarka da --help da --version, ya kwashe abin da ta faɗa ya mayar da shi shafin jagora. Fa'idarsa a bayyane take: tunda daga bakin manhajar yake ɗebo zaɓuɓɓukan, irin abin da ya same ni da --sake ba zai faru ba muddin saƙon taimakon daidai yake. Sai dai araha ba ta ado. Saƙon taimako layi ɗaya ne ga kowane zaɓi, alhali zaɓin da ya shafi wakilin sadarwa, ko takardar shaidar tsaro, ko ci gaba da saukar da fayil daga inda ya tsaya bayan an ɗauke wuta, yana buƙatar sakin layi biyu ko uku da misali. Ana iya cusa ƙarin bayani ta wani fayil na daban da zaɓin --include, amma da zarar fayil ɗin ya yi girma ka koma rubuta roff da hannu ke nan ta bayan gida. Akwai kuma wata matsala da ba a ganinta sai an je: dole ne help2man ya iya kunna manhajar, don haka idan kana harhaɗa ta a kwamfutarka domin wata na'ura mai injin ARM irin Raspberry Pi, ba za ta kunnu a wurinka ba, shafin ma ba zai fito ba. Ga manhaja mai zaɓi goma zuwa ashirin, wannan ya wadatar. Fiye da haka, rigar takan yi kaɗan.

Rukuni na biyu shi ne na masu juya rubutu mai sauƙi zuwa roff. Babbansu shi ne Pandoc na John MacFarlane, wanda ya fara fitowa a 2006: ka rubuta shafinka da Markdown, ka ba shi umarnin pandoc -s -t man, ya fitar da roff mai tsabta, kuma daga wannan rubutun kana iya samun shafin intanet. Aibinsa nauyi ne, domin idan an girka shi yana cin fiye da megabait 100, kuma wanda ke sayen data ƙididdige, ko yake da na'urar gwaji da ke sake sauko da komai a kowane zagaye, zai ji wannan a aljihunsa. Wani abin lura shi ne roff ɗin da yake fitarwa yakan ɗan sauya daga wannan sigar zuwa waccan, ta yadda gwajin da ya wuce a kwamfutarka zai iya faɗuwa a ta abokin aikinka alhali babu wanda ya taɓa rubutun. A ɗaya gefen akwai scdoc na Drew DeVault, ƙaramin shiri ne da aka rubuta da C, ba ya jingina da wasu manyan kaya, kuma shafukan jagora kaɗai ya sani. Tsarin rubutunsa ya yi kama da Markdown amma ba shi ba ne, ana koyonsa a zama ɗaya, kuma yana da tsauri: idan ka yi kuskuren tsari yakan tsaya ya faɗa maka layin, abin da ni a wurina alheri ne. Asciidoctor da Sphinx su ma suna fitar da shafin jagora, na farko yana buƙatar Ruby, na biyu Python, amma ban ga dalilin ɗauko su ba sai in da ma da su kake rubuta sauran takardun aikinka, kamar yadda Git ke rubuta nasa da AsciiDoc.

Dukkan 'yan wannan rukunin suna da makanta iri ɗaya, wato ba su san manhajarka ba. Pandoc zai juya bayanin zaɓin da aka goge shekara biyu da suka wuce cikin ladabi da biyayya, bai ce uffan ba. Wannan bai hana manyan ayyuka bin hanyar ba, domin rsync, manhajar kwafar fayiloli, ya koma Markdown a sigarsa ta 3.2.0 a 2020, Wget mai sauko da fayiloli daga intanet kuwa yana ciro shafinsa ne daga littafinsa na Texinfo ta hanyar pod2man. Abin da ake nufi kawai shi ne wanda ya zaɓi wannan hanya ya ɗauki nauyin rubuta gwajin da zai riƙa kwatanta shafin da manhajar.

Idan da Go ko Rust ko Python aka rubuta manhajar, akwai hanya ta uku, domin Cobra, kayan tsara zaɓuɓɓuka na Go, yana da sashen da ke fitar da shafin jagora daga ma'anar umarnan da ke cikin kod, haka clap_mangen ga masu clap na Rust, haka argparse-manpage ga masu argparse na Python. Waɗannan sun fi help2man sanin tsarin zaɓuɓɓuka tunda ba hasashe suke yi daga rubutu ba, sai dai dogon bayani yana komawa cikin kod, inda wanda ya iya rubutu amma bai iya shirye-shirye ba zai ji tsoron taɓawa.

Hanya ta huɗu ita ce wadda curl ya bi, kuma a nan zan ɗan dakata, domin ita ce ma'aunin da nake auna sauran da ita. Manhajar curl ta tura bayanai da karɓarsu ta intanet, wadda Daniel Stenberg na ƙasar Suwidin ke jagoranta kuma ta samu wannan sunan a 1998, tana da zaɓuɓɓuka sama da 250. Kowane zaɓi yana da fayil nasa shi kaɗai a cikin jakar docs/cmdline-opts, kuma a saman fayil ɗin an jera dogon sunansa, da gajeren, da taƙaitaccen bayani, da sigar da aka fara shigar da shi, da zaɓuɓɓukan da ke da alaƙa da shi, da misalin amfani, sannan cikakken bayani ya biyo baya. A 2024 aka mayar da waɗannan fayiloli zuwa salon Markdown, kuma wani shirin Perl mai suna managen ne ke tattara su ya fitar da shafin jagora, da rubutun da ke fitowa idan an ce curl --manual, da ma jerin da ke cikin --help. Ma'ana, rijiya ɗaya ce kowa ke ɗiba, babu yadda saƙon taimako zai ce wani abu shafin jagora ya ce wani. Abin da ya fi burge ni shi ne ba su amince wa injin nasu ido rufe ba, domin a cikin gwaje-gwajen curl akwai waɗanda ke binciken shafukan jagorar kansu, suna duba ko an rubuta bayanin kowane zaɓi da kuma ko tsarin roff ɗin lafiya yake. Farashin wannan hanya shi ne injin ya zama naka, kai za ka yi masa gyara har abada. Ga ƙungiyar mutum biyu ko uku da ke aiki a ɗaki ɗaya a Zoo Road, wannan kaya ne mai nauyi, kuma ba na ba da shawarar a kwaikwaye shi gaba ɗaya sai zaɓuɓɓuka sun yi yawan da fayil ɗaya ba ya ɗaukarsu.

Ko wanne ka ɗauka, sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin farko bai wuce layi ɗaya ba: mandoc -T lint a kan fayil ɗin da aka fitar, ko groff -man -ww -z, wanda ke zubar da shafin ya bar maka gargaɗi kawai. A nan ne layin da ya fara da ɗigo yakan bayyana a matsayin umarnin da ba a sani ba. Gwaji na biyu shi ne na injin kansa: ka ba shi ɗan ƙaramin rubutu mai zaɓi biyu ko uku na ƙarya, wanda ka cusa wa dukkan abubuwan da ke da haɗari, ka ajiye sakamakon da ka duba da idonka ka gamsu, sannan a kowane zagaye umarnin diff ya kwatanta sabo da ajiyayye. Amma akwai tarko, domin shafin jagora yana ɗauke da kwanan wata a layinsa na farko, don haka gwajin da ya wuce yau zai faɗi gobe da safe ba gaira ba dalili. Maganinsa shi ne a ɗaure kwanan watan da SOURCE_DATE_EPOCH, wanda help2man da scdoc duk suna girmamawa, kuma idan shafin da aka tsara ake kwatantawa, a ɗaure faɗinsa da MANWIDTH da kuma harshen na'urar, in ba haka ba faɗin taga ma kaɗai ya isa ya ɓata sakamako.

Gwaji na uku shi ne wanda da ya cece ni daga kiran yaron shago. A ciro duk kalmar da ta fara da kara biyu (--) daga --help, a ciro irinta daga shafin jagora, a jera su, a kwatanta ta ɓangarorin biyu, domin zaɓin da ke cikin manhaja babu shi a shafi matsala ce, wanda ke shafi babu shi a manhaja kuwa ya fi muni. Namu bai kai layi ashirin ba. Ga masu Pandoc da scdoc wannan gwajin wajibi ne, ga masu help2man kuwa kusan ba a buƙatarsa sai domin fayil ɗin ƙarin bayani.

Akwai kuma batun karan da kansa. A roff, alamar - ita kaɗai karan haɗa kalma ce, wadda ake so a zaɓi ita ce \-, kuma bambancin ya fito fili bayan groff 1.23.0 ya fito a 2023, lokacin da mutane suka riƙa kwafo umarni daga shafukan jagora suna liƙawa a tagar umarni yana ƙin aiki, saboda karan da ke shafin ba irin wanda ake dannawa a madannin kwamfuta ba ne ko da yake ido ba ya bambance su. Debian, ɗaya daga cikin nau'ikan Linux, ta mayar da tsohon hali a wurinta, amma kada ka dogara da hakan. Ka tsara shafin, ka nemi harafin U+2010, wato karan haɗa kalmar nan, a cikin misalan umarni, idan an same shi gwajin ya faɗi.

Wanda ke da niyyar fitar da shafin da Hausa, a ajiye shi a /usr/share/man/ha/man1, yana da ƙarin abin dubawa, wato haruffanmu masu lanƙwasa. A tagar umarni mai UTF-8, ɓ da ɗ da ƙ suna fitowa lafiya ta man, amma idan kai tsaye kake kiran groff sai ka ƙara -k domin ya gane su, kuma idan PDF kake so, haruffan bugawa da groff ke zuwa da su ba su da waɗannan, sai ka kawo naka. Saboda haka a cikin ɗan rubutun gwajin nan ka sa kalma irin "karɓaɓɓe" ko "ɗauka", ka tabbata ta fito yadda ta shiga.

Mu dai a ƙarshe scdoc muka ɗauka, saboda zaɓuɓɓukanmu ba su kai arba'in ba, bayaninsu ya fi ƙarfin help2man, kuma na'urar gwajinmu tsohuwar laftof ce da aka sayo a Farm Centre wadda ba ta da sararin Pandoc. Da muna buƙatar shafin intanet daga rubutu ɗaya, da Pandoc muka ɗauka muka ɗaure sigarsa. Ranar da muka fara kunna gwajin kwatanta zaɓuɓɓuka, ya kamo guda biyu da ke cikin manhajar tun watanni amma babu su a shafin, ɗayansu kuwa shi ne na rage saurin turawa domin kada ta cinye datar shago.