Gurnani daga bayan mota: yadda ake bin diddiginsa a Ingila

'Yan uwa, ina gaisuwa. A nan Ingila kuɗin aikin makanike da awa ake lissafa shi, kuma sau da yawa ya fi kuɗin kayan gyaran. Shi ya sa ba a kwance ko ƙusa ɗaya sai an tabbatar da inda ciwon yake. Wannan ɗabi'a ce nake so mu ɗauka a gida, don ba ta buƙatar na'ura.

Idan mota tana gurnani daga baya, a hau titi mai kyau a kai gudun kilomita 60 zuwa 80, a sa giya a firi. In ƙarar ta ci gaba, tana raguwa ne kawai idan gudu ya ragu, to ba inji ba ne. Sai a ɗan karkata sitiyari hagu da dama a hankali, inda babu motoci. Karkatawa hagu tana ɗora nauyi a kan tayoyin dama. In ƙarar ta ƙaru a lokacin, galibi boris ɗin dama ne ya ci, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. In kuwa muryarta na sauyawa daga wannan kwalta zuwa waccan, a tuhumi taya. A shafa ta da tafin hannu: in an ji tudu da kwari, ta cinye ba daidai ba, kuma yawanci shokozoba ce ta mutu. A kai tayoyin baya gaba, ƙarar za ta bi su.

Aksul kuwa, wato abin da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya, motocin da ke ja da baya irin su Hilux ko Marsandi ne ke da wannan matsalar: ƙarar tana sauyawa idan an taka totur ko an sake shi. A duba mansa tukuna. Ƙarar da ake ji mota na tsaye kuma, tana iya zama ta famfon mai da ke cikin tanki.

Daga nan a ɗaga motar da jak, a tokare ta, a riƙe taya sama da ƙasa a girgiza, a ji ko boris yana wasa. Sannan a juya ta, ɗaya hannun yana kan sifirin. Boris mai rauni yana aiko da karkarwa har cikin yatsu.

Bambancin da ya fi damuna yana wajen kaya. A nan, motar da ta kai shekara 3 dole ta yi gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota, duk shekara, kuma boris mai wasa sosai yana kayar da ita. Zurfin zanen taya bai halatta ya gaza milimita 1.6 ba. Sabon boris da lambar mota ake odarsa, a matsa shi da na'ura, a ɗaure da sifana mai auna ƙarfi. A gida kuwa a je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a ɗauko tsoho ɗan Beljiyam, a buga da guduma. Gudumar nan tana lotsa cikinsa tun kafin mota ta motsa, ga shi daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi ya fito, gishiri kuwa tsatsa yake kawowa. Ƙofa ko fitila a saya tsohuwa, amma boris a sayi sabo.

Inda makanikanmu suka yi fice shi ne irin Golf 3, wadda boris ɗinta na baya ake wankewa, a cika giris, a saita. A kula kawai kada a ɗaure shi tamau, zafi zai ɗauka ya ƙone.