Fluke 117 a hannun mai koyon wayarin: inda take da amfani da inda take yaudara

Wanda ya shiga koyon aikin wayarin ba da mitar auna wuta, wato maltimita, yake fara aiki ba. Watannin farko na fasa bango ne, da jan waya a bututu, da feɗe bakin waya ba tare da an ji wa tagullar ciwo ba, da riƙe wa maigida tsani. Amma akwai ranar da maigida zai ce, "Kai, je ka duba mini soket ɗin can, akwai wuta ko babu?" Daga ranar, abin da ke hannun yaro ya zama maganar rai. Kuma sunan da aka fi jefa wa sabon shiga idan ya tambayi mitar da zai saya shi ne Fluke 117, wadda kamfanin Fluke na Amurka ya ƙera musamman don masu aikin wutar gidaje da shaguna.

Mita ce mai kyau. Sai dai ba ita ce ta kamata ta zama farkon abin da mai koyo zai kashe wa kuɗi ba, kuma akwai ayyuka uku da ba ta yi, waɗanda yawancin masu yabonta ba sa ambata.

A hannu tana da kauri, nauyinta ya ɗan haura rabin kilo da rigarta ta roba mai ruwan ɗorawa. Ramukan saka igiyar gwaji uku ne kawai: A na auna amfiya, COM, da na V wanda yake ɗaukar sauran gwaje-gwaje. Tana auna wuta har bolt 600, ta AC (irin ta soket) ko ta DC (irin ta batir), da amfiya 10, da juriya har megaom 40, da kafasita har mikrofarad 9,999. Batir ɗaya take ci mai bolt 9, kuma yana kai wajen awa 400 idan ba a yawan kunna fitilar allo. Idan aka manta da ita a kunne tana kashe kanta bayan minti 20. Duk wannan akwai shi a mitoci masu arha. Abin da ake biya wa kuɗi yana wani wuri dabam.

Na farko shi ne rubutun CAT III 600 V da ke jikinta. Ma'anarsa an gwada ta da bugun wuta na bazata har bolt 6,000, irin wanda tsawa ko kashe babban injin lantarki ke jefowa cikin layi, kuma ta jure ba tare da ta fashe a hannun mai riƙe da ita ba. Wannan ya ba ta izinin shiga akwatin rarraba wuta na cikin gini. Bai ba ta izinin shiga inda wuta ke shigowa daga waje kafin babban makashi ba, can aikin CAT IV ne. Mitoci da yawa na kasuwa suna ɗauke da irin wannan rubutu, amma rubutu ne kurum. A buɗe bayansu sai a tarar da fis ɗin gilashi ɗan ƙarami. Fis ɗin 117 mai yashi ne a ciki, amfiya 11, bolt 1,000, an yi shi ya katse dubban amfiya ba tare da wutar ta tsallake shi ba.

Wannan fis ɗin shi ne zai ceci mai koyo daga kuskuren da kusan kowa yake yi sau ɗaya. An auna amfiyar fanka, an bar jar igiya a ramin A, an juya maɓalli zuwa V, an soka tsinke biyu a soket. A ramin A, tsakanin igiyoyin biyu kusan waya ce miƙaƙƙiya, don haka an haɗe laif da nutural, wato wayar da ke kawo wuta da wadda ke mayar da ita, kenan da hannu. Da mita mai fis ɗin wasa, ƙara ce da walƙiya da ƙunar yatsu. Da 117, fis ya mutu, mita ta rayu. Tana ma ƙoƙarin tunatarwa: duk sanda aka juya maɓalli zuwa wajen A ko aka fito daga can, allo yana nuna LEAd, wato a duba igiya, na ɗan lokaci. Ido ne ke sabawa da shi har ya daina gani. Duba lafiyar fis ba ya buƙatar kwance sukurori: a sa maɓalli a Ω, wurin auna juriya, a saka igiya ɗaya a ramin V, a taɓa tsinkenta cikin ramin A. Ƙasa da rabin om, fis na nan. Idan allo ya ce OL, ya tafi. Kuma idan ya tafi a maye shi da irinsa sak. Wanda ya naɗa masa siririyar waya don aiki ya ci gaba, ya mayar da mitarsa mai tsada gurneti.

Abu na biyu, kuma a ganina shi ne ainihin dalilin zaɓar 117 a kan ƙanwarta 115, shi ne wurin da aka rubuta AUTO-V LoZ a gefen OFF. Ga matsalar da yake magancewa. Wayoyi biyu sun yi tafiya mai nisa a bututu ɗaya, ɗaya da wuta, ɗaya an cire ta daga ko'ina. Saboda kusancinsu, mai wutar tana ɗan zuba wa matacciyar wani abu ta cikin robarsu. Maltimita ta yau da kullum tana da juriyar shiga ta miliyoyin om, ba ta jan komai daga layi, don haka sai ta nuna bolt 60 ko 90 a kan wayar da ko ƙwan fitila ba za ta iya kunnawa ba. Wutar fatalwa kenan. Sabon yaro zai tsaya yana jujjuya bireka yana neman inda take fitowa, rabin yini ya wuce. A LoZ juriyar mitar tana sauka zuwa wajen om 3,000. Wannan ɗan nauyin ya isa ya shanye fatalwar, allo ya faɗo kusa da sifili. Idan kuwa wutar gaske ce, za ta tsaya daram a 230. A wannan wurin kuma mitar da kanta take gane AC ce ko DC.

LoZ na da nasa tarkon. A raba 230 da 3,000, a samu kusan miliamfiya 77. Na'urar kariya ta RCD da ake sa wa soket ɗin gida tana faɗuwa a miliamfiya 30. Saboda haka wanda ya auna tsakanin laif da wayar ƙasa a LoZ yana iya kashe wa gida duka wuta, har da kwamfutar da ake aiki a kanta a ɗakin gaba. Ba lalacewa mitar ta yi ba, aikinta ta yi. Haka nan ba a kai LoZ kan allon lantarki na inbata ko na'urar sarrafawa, domin nauyin da take ɗorawa yana iya canza abin da ake aunawa, ko ya sa wani abu ya tashi.

Na uku shi ne auna wuta ta hanyar da ake kira True RMS. Mita mai arha tana ɗauka kowace wutar AC mai santsin igiya ce, wato tana hawa da sauka sumul kamar igiyar ruwa, sai ta yi lissafi a kan haka. Idan wutar ta fito daga ƙaramar inbata mai igiya kusurwa-kusurwa, ko ta bi ta na'urar rage hasken fitila, lissafin ya karkace. A igiya mai kusurwa zalla kuskuren yana kai kashi 11 cikin ɗari sama da gaskiya. 117 ba ta wannan zato. Nata kuskuren a AC kashi 1 cikin ɗari ne da lambobi 3 na ƙarshe, wato idan ta ce 230.0, gaskiyar tana tsakanin bolt 2.6 sama ko ƙasa. Ga aikin gida wannan ya wadatar har ya yi saura.

Sai VoltAlert, abin da masu talla suka fi ɗagawa, kuma abin da ya fi ba ni tsoro a hannun mai koyo. Ana juya maɓalli can ƙarshe, a kusantar da kan mitar ga waya, idan akwai wuta ta yi ƙara ta kunna jan haske, ba tare da an taɓa komai ba. Tana da mataki biyu, Hi da Lo, ana sauya su da maɓallin RANGE. Yana da amfani wajen bin igiyar da ta katse a ciki don gano daidai inda wuta ta tsaya. Amma shirunsa ba shaida ba ne. Waya cikin bututun ƙarfe, ko kebul mai sulke, ko laif da nutural da suka murɗe juna, duk suna iya ɓoye masa wuta. Wutar DC kuwa ba ya jin ta sam, komai yawanta. Wanda ya ji shiru ya kai hannu, ya yi caca ne.

Wannan ya kawo mu aiki na farko da 117 ba ta dace da shi ba: tabbatar da cewa layi ya mutu kafin a taɓa. Maltimita kowace iri tana da maɓalli da za a iya ajiyewa a wurin da ba daidai ba, da batir da zai iya mutuwa, da igiya da za ta iya katsewa a ciki. Duk ukun suna iya sa layi mai wuta ya yi kama da matacce. Don haka ƙwararru ke amfani da tasta mai tsinke biyu wadda ba ta da maɓallin zaɓi, kuma da tsari: a gwada ta a wurin da aka san akwai wuta, a gwada layin tsakanin laif da nutural, laif da ƙasa, nutural da ƙasa, sannan a koma a sake gwada ta a wurin farko. Idan 117 ce kaɗai a jaka, to aƙalla a bi wannan tsarin da ita, kada a tsallake komawar ƙarshe.

Na biyu, ba ta gwada lafiyar robar waya. Ganin megaom 40 a jikinta yana sa wasu su ɗauka za ta yi. Ita da 'yan bolt kaɗan take gwaji, roba mai tsagewa kuwa ba ta nuna halinta sai an matsa mata. Gwajin gaskiya da na'urar da ke tura bolt 500 na DC ake yi, kuma ana neman aƙalla megaom 1. Haka ma ƙaramar juriya. Wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 2.5 tana da wajen miliom 7.4 a kowace mitar tsawo, wato tsawon mita 20 bai wuce om 0.15 ba. Mafi ƙanƙantar abin da 117 ke nunawa om 0.1 ne, igiyoyinta kansu suna cin 0.1 zuwa 0.3, kuma ba ta da maɓallin cire juriyar igiya, sai dai a haɗa tsinkayen a riƙe lambar a ka a debe. Ƙarar da take yi ta ci gaban waya tana tashi ne a ƙasa da om 20. Wayar ƙasa mai om 15 saboda sakakken sukuru za ta sa ta ƙara kamar lafiya lau, alhali ba za ta faɗar da bireka a kan lokaci ba.

Na uku, amfiya. Goma ce iyakarta, kuma sai an yanke layi an ratsa ta ciki. Babban injin dumama ruwa ko babbar na'urar sanyaya ɗaki sun fi ƙarfinta, aikin mita mai baki ne da ake maƙalawa a waya ɗaya. Shi ya sa kamfanin ke sayar da ita haɗe da Fluke 323 mai ɗaukar amfiya 400 na AC. A can ƙasa kuma ba ta da matakin miliamfiya na musamman, don haka mai niyyar komawa gyaran rediyo da talabijin ko na'urorin masana'anta masu siginar miliamfiya 4 zuwa 20 ya nemi wata. Mai son aikin sola ma ya lissafa: faifai da yawa a jere suna iya haura bolt 600.

Igiyoyin da take zuwa da su na robar PVC ne, suna ƙagewa su riƙe lanƙwasa, kuma su ne ke fara mutuwa, galibi a wuyan tsinke. Masu robar silikon irin TL175 sun fi daɗin hannu, kuma ana murɗa bakinsu a rufe ƙarfen. Wannan ba ado ba ne: a cikin akwatin rarraba wuta ƙarfen da ke waje bai kamata ya wuce milimita 4 ba, domin dogon tsinke yana iya haɗa sanduna biyu idan hannu ya zame. Maganaɗisun rataye ta a ƙofar akwati ma dabam ake saye, alhali shi ne ke ba mutum hannu biyu. Ba ta son ruwa. Jabunta kuma suna yawo, don haka farashi mai daɗi fiye da kima dalili ne na buɗe bayanta a duba fis kafin a biya.

Ga wanda yake shekarar farko, tsarin sayayya da ya fi ma'ana shi ne tasta mai tsinke biyu tukuna, da sukundireba da filaya masu roba da aka gwada a bolt 1,000, da kwaɗon kulle bireka. Idan kuɗi ya yi saura, ƙaramar mita irin Fluke 101 ta isa, ba ta ma da ramin A, don haka kuskuren nan na haɗe layi ba zai yiwu da ita ba. Lokacin 117 shi ne sanda maigida ya fara tura yaro neman matsala shi kaɗai: fitilar da ke ƙyaftawa, soket mai ba da bolt 90, nutural da ya saki a wani akwati cikin silin. A irin wannan aikin, a sa ta a MIN MAX, inda take riƙe lamba mafi ƙanƙanta da mafi girma, a bar ta a kan layi a kunna manyan kaya ɗaya bayan ɗaya, lambar da ta riƙe a ƙasa za ta nuna wane ne ke jan wutar ƙasa da kuma nawa.